Watansa nawa? Fashin baƙi kan girman jariri daga ranar suna zuwa koyon zama

Duk macen da ta taɓa zama a kan benci ranar awo a ƙaramin asibitin unguwa a nan Jos ta san tambayar da ke buɗe hira tsakanin uwaye biyu da ba su san juna ba: "Watansa nawa?" Ana ba da amsa sai ido ya sauka kan yaron, a duba kumatu da cinyoyi, sannan kowacce ta saci kallon na hannunta. Wata ta koma gida da murna, wata kuma da damuwar da ba ta fito da ita daga gida ba. Haka ta faru da ƙanwata lokacin da ta zo haihuwar fari gidanmu a Gangare, ta kuma zarce da zama bayan arba'in saboda hunturu ya kankama. Matar da ke gefenta ta ce ɗanta wata 4 gare shi, har ya fara zama. Nata kuwa yana neman cika wata 3, wuyansa na ta rawa in an ɗaga shi. Da ta dawo ta faɗa, Goggonmu ta ce, "Ƙyale su, 'yar nan. Kowane yaro da lokacinsa."

Maganar Goggo gaskiya ce, ita ce ma ta sa ƙanwata ta iya runtsawa a daren. Sai dai na san gidajen da wannan maganar ce ta zaunar da su, ana ta jira har yaro ya shekara bai zauna ba, alhali tun yana wata 5 jikinsa ke nuna akwai abin dubawa. Lokacin kowane yaro yana da faɗi, ya fi yadda masu gasar kan benci suke zato. Amma yana da bakin iyaka, kuma ya kamata kowace uwa ta san inda iyakar take.

Sikeli da kati

Sikeli ne ya fi tayar da hankali, don haka da shi zan fara. Jaririn da ya cika watanninsa a ciki yawanci yakan zo da nauyin kilo 2.5 zuwa 4. Matsakaicin namiji kilo 3.3 ne, mace 3.2. Abin da ba a cika gaya wa maijego ba shi ne wannan nauyin zai ragu a kwanakin farko, da kashi 7 har zuwa 10 cikin 100. Jariri yana fitar da ruwan da ya zo da shi, yana kasayar da baƙin kashin nan mai danƙo, cikinsa kuma ɗan mitsitsi ne, ba ya ɗaukar fiye da ɗan dakashin da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Raguwar takan kai ƙarshenta a rana ta 3 ko ta 4, sannan ya fara farfaɗowa, ya koma nauyin haihuwarsa tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Ku lissafa inda ranar suna ta faɗo. Gida cike da mata, kowa na karɓar yaro tana jinjina shi, a daidai lokacin da yawancin jarirai ba su gama mayar da abin da suka zubar ba. Nan ake jin "Ai yaron nan ya zabge, anya nonon yana isarsa?" Yarinya 'yar haihuwar fari ta ji haka daga bakin manya uku ko huɗu, kafin dare an haɗa ruwan ɗumi ko an aika a sayo madarar gwangwani. Wannan yana ci mini rai, domin nono gwargwadon tsotso yake zuwa. Duk cokalin ruwan da ya cika cikin jariri ya rage masa tsotso, raguwar tsotso ta rage nono, sai zargin da ba shi da tushe ya zama gaskiya. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, ko a zafin Maris jariri ba ya bukatar ƙari kafin wata 6. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Akwai hanyar gane ko nono na isa ba tare da sauraron 'yan suna ba. Daga rana ta 5, jariri ya jiƙa nafkin sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsarin fari ba ja ba. Kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa. Ya sha sau 8 zuwa 12, ana jin haɗiyarsa. In haka na faruwa, to lafiya lau. In kuwa ya cika mako 2 bai koma nauyin haihuwarsa ba, a kai shi a duba yadda yake kama nono, domin sau da yawa matsalar a kamun take.

Daga nan sai girma ya ɗauki gudu. A wata 3 na farko jariri kan ƙara giram 150 zuwa 200 a mako. Kafin wata 5 ko 6 ya ninka nauyin haihuwarsa, a shekara ya kusa ninka shi uku. Tsawo kuma daga wajen santimita 50 ya kai kusan 75. Amma gudun yana sassautawa daga wata na 4, a daidai lokacin da yaro ya fara sakin nono yana waiwayen duk wanda ya wuce. Uwa da yawa a nan suke cewa nono ya ƙafe, su fara ɗura koko. Sassautawar nan tsarin halitta ce, kuma katin awo yana nuna ta.

Katin nan da ake cusawa cikin leda a manta da shi yana da tarihi a ƙasarmu. Wani likitan yara ɗan Ingila, Dakta David Morley, shi ya fito da tsarin zana nauyin yaro a kati a bar wa uwa ta riƙe, lokacin da yake aiki a Imesi-Ile, cikin jihar Osun ta yanzu, daga ƙarshen shekarun 1950. Daga can tsarin ya bazu a duniya. Ma'aunin da ake amfani da shi a yau kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar a 2006, bayan an bi girman yara kusan 8,500 tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe 6: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. Abin da aka gano ya cancanci a tsaya a kansa. Yaran da suka sha nono, suka samu kulawa da tsafta, girmansu a shekarun farko kusan iri ɗaya ne, ko a Accra ko a Oslo. Saboda haka in an ce kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kamar yadda binciken 2018 ya nuna, ba za mu fake da cewa mu dama ƙananan jiki gare mu ba.

Yadda ake karanta katin shi ne a bi inda ɗigon yaro ya dosa. Siririn yaron da layinsa ke hawa wata bayan wata yana kan hanya, ko da a ƙasa-ƙasa yake tafe. Ɓul-ɓul ɗin da layinsa ya kwanta awo biyu a jere, ko ya fara gangarowa, shi ne abin tambaya. Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Shi ya sa kwatanta yara biyu a kan benci ba ya haifar da amfani: kin ga nauyinsu na yau, ba ki ga daga inda kowanne ya taso ba.

Har ila yau a roƙi nas ta zagaya kan yaro da tef. Kan jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35 a haihuwa, yana ƙara kusan 2 kowane wata a wata 3 na farko, domin ƙwaƙwalwa tana ninka girmanta a shekarar farko. Maɗiga ma don haka Allah ya bar ta a buɗe, sai tsakanin shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi take rufewa. Harbawar da take yi ba ciwo ba ne, ba ta bukatar a shafa mata komai. In ta faɗa ciki, musamman ana gudawa, ruwan jiki ne ya yi ƙasa. In ta kumbura ta yi tauri yaro ba kuka yake ba, a nufi asibiti a lokacin.

Abin da ke faruwa wajen arba'in

Jariri sabon haihuwa yana zuwa da wasu motsi da ba da niyya yake yin su ba. A taɓa kumatunsa ya juyo da baki yana nema. A sa masa yatsa a tafin hannu ya damƙe. Ƙofa ta bugu ya zabura, ya ware hannuwa kamar zai faɗi, sannan ya rungumo. Zaburar nan tana tsorata iyaye har a fara neman tofi, amma alama ce ta lafiyayyar ƙwaƙwalwa da kunne mai ji, kuma takan ɓace da kanta tsakanin wata 4 zuwa 6. Ganinsa a makonnin farko bai wuce tazarar santimita 20 zuwa 30 ba, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta lokacin shayarwa. Idanun kan ɗan karkace jefi-jefi, wannan ba komai kafin wata 4. Harara-garken da ta zauna ba ta gushewa, ko wani fari da ke haskawa a tsakiyar baƙin ido, su ne ake kai wa likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Murmushin da yake yi cikin barci, wanda tsofaffi ke cewa mala'iku ne ke masa wasa, yana nan tun kwanakin farko. Na gaskiyar, wanda zai kalli fuskarki ya mayar miki da martani, yana zuwa ne tsakanin mako 6 zuwa 8. Kwana 40 kuwa saura kwana 2 ne ya cika mako 6. Ke nan lokacin da maijego ke shirin yawon arba'in, lokacin ne ɗanta ke fara gaishe ta. A wannan tsakanin kuma yake fara bin fuska da ido daga gefe zuwa gefe, ya fara 'yan sautukan nan na "aa" da "uu" daga maƙogwaro.

Kuka ma a nan yake kai ƙololuwa. Yana ƙaruwa daga mako na 2, ya fi tsanani wajen mako 6 zuwa 8, yawanci daga la'asar zuwa dare, sannan ya lafa a wata na 3 ko na 4. Yaro ya ƙoshi, nafkin a bushe, ba zazzaɓi, amma ya ƙi shiru. Iyaye su san wannan mataki ne mai wucewa, kada a bi shi da jiƙe-jiƙe. In rai ya ɓaci, a miƙa shi ga wani ko a kwantar da shi a fita a sha iska. Girgiza jariri da ƙarfi yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, domin kan ya yi wa wuyan nauyi. Uwar da kuma ta wuce mako 2 cikin baƙin ciki, ba ta jin daɗin komai, ba ta son kallon yaron, ita ma tana bukatar a duba ta. Ciwo ne sananne bayan haihuwa, yana da magani, kuma yana taɓa girman ɗan.

A nan zan taɓo wani abu namu. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a idon da yawanmu, ni ma da ita na tashi: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa a gaban surukai. Amma ƙwaƙwalwar jariri da mayar da martani take ginuwa. Ya yi sauti a amsa masa, ya kalle ki ki kalle shi, ya yi murmushi a mayar masa. Muryar uwarsa ya sani tun yana ciki, ita ya fi saurare. A gidan da ke cike da kakanni da ƙannen uba, wasu kan cike gurbin. Amma amaryar da ke zaune ita kaɗai a ɗaki biyu a Rikkos ko Bukuru, miji ya fita tun safe, in ta riƙe kunyar har cikin ɗaki, wa zai yi wa yaron magana? A yi kunya a tsakar gida in ana so, a shiga ɗaki a yi masa hira, a yi masa waƙa, a gaya masa ana masa wanka ne, ana shafa masa mai ne. Waya ba ta maye wannan gurbi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara 1 gaban allon waya ko talabijin sam.

Wuya, hannu, zama, da sanyin Jos

Ƙarfin jiki daga sama yake gangarowa: wuya tukuna, sai kafaɗu da hannuwa, sai baya, sai ƙafafu. A wata na 2, in an kwantar da jariri rub da ciki yakan ɗaga kai na ɗan lokaci. A wata na 3 ya dogara da gwiwar hannu, yatsunsa da ke dunƙule su fara buɗewa, ya gano hannuwansa ya yi ta kallonsu yana kai su baki. Wajen wata 4 wuya ya tsaya, dariya mai sauti ta fito, ya fara kai hannu ga abin da ya gani. Tsakanin wata 4 zuwa 6 yake fara juyi, kuma daga ranar ba a sake barinsa shi kaɗai a bakin gado. Wajen wata 6 sai gwaranci, "ba-ba-ba" da "da-da-da", yana karɓar abu daga hannu zuwa hannu, yana bambanta 'yan gida da baƙo.

Wuya ba ya ƙwari sai an ba shi aiki, kuma a nan garinmu yake da tasa matsalar. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko kusa da digiri 10. Tsoron sanyi ga jariri daidai ne, domin jikinsa yana saurin zubar da ɗumi, musamman ta kai. Amma mun wuce gona da iri. Za ka ga jariri cikin riga uku, da rigar sanyi, da hula, da safar hannu da ta ƙafa, an naɗe shi da shawul an ƙara da bargo, tun asuba har dare, wata da watanni. Yaron da ba ya iya motsa hannu yaushe zai gano yana da hannu? Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa mai sauƙi ce: a ƙara masa riga ɗaya ko biyu a kan abin da babba ya sa, da hula. A taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa don jin ɗuminsa, tafin hannu da ƙafa dama sukan ɗan yi sanyi. In ƙeya na gumi, kayan sun yi yawa.

Da hantsi, in rana ta shigo, a shimfiɗa bargo a ƙasa, a rage masa kaya, a kwantar da shi rub da ciki yana farke, babba na zaune a gabansa. A fara da minti 2 ko 3, sau da yawa a yini, har jimillar ta kai minti 30. Zai yi ƙorafi da farko. Kwanciya a kan ƙirjin uwa ko uba ma tana cikin lissafi. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi ba tarin tsummoki kusa da fuska. Tun da aka fara wayar da kan iyaye kan haka a ƙasashe irin su Amurka a farkon shekarun 1990, mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. Sannan don Allah kada a kwana da kurfotin gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe manya ma, balle jinjiri.

Goyo kuwa alheri ne da muka gada. Jariri a bayan uwa yana samun ɗumi, yana jin motsi, yana ganin duniya, wuyansa da bayansa na aiki. Kafin wuya ya tsaya dai, zani ya tallafi kan, fuska a juye gefe, hanci a sarari.

Sai zama, inda gasar ta fi zafi. Cikin wancan babban binciken na Hukumar Lafiya ta Duniya an bi yara sama da 800 a ƙasashe 5 don ganin lokacin da lafiyayyen yaro ke kai kowane mataki. Zama ba tare da tallafi ba ya kama daga wata 3.8 har zuwa 9.2. Tafiya da kai daga wata 8.2 zuwa 17.6. Dukkansu lafiyayyu ne. Ɗan matar kan benci mai zama a wata 4 yana ciki, wanda zai zauna a wata 8 ma yana ciki. Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi, amma kusan 4 cikin 100 na waɗannan yaran ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu da gindi suka ja, suka miƙe abinsu.

Koyon zaman da muke yi, a sa yaro cikin baho ko kwali a kewaye shi da zannuwa, ba mu kaɗai ke yi ba. Wani masani ɗan Amurka, Charles Super, ya yi nazarin 'yan ƙabilar Kipsigis a Kenya a shekarun 1970, ya tarar 'ya'yansu na riga yaran Amurka zama da tafiya saboda iyaye na koya musu da gangan, amma ba sa riga su rarrafe, wanda ba a koya musu. Wato horo yana gaggauta abin da aka hora, bai nuna wani yaro ya fi wani kaifin ƙwaƙwalwa ba. Ban ga laifin koyon zama ba in wuya ya riga ya tsaya, na ɗan lokaci, ana kallonsa. Wanda nake ƙi shi ne a dasa ɗan wata 3 a kwali ya yi awa guda a lanƙwashe, kai na rinjaya gaba, don kawai a ce ya riga ɗan wance.

Bakwaini lissafinsa daban ne. Wanda aka haifa saura wata 2 cikinsa ya cika, in ya kai wata 4 a duniya, abin ɗan wata 2 ake nema a wurinsa. Haka za a riƙa cire masa har ya kai shekara 2. Rigakafi ne kawai ake masa bisa ainihin ranar haihuwa.

Haƙori kuma, wanda yawanci ke fitowa daga wajen wata 6, an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yana kawo dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da ƙyuya. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa da amai. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne a wannan shekarun kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa ke raguwa, ga shi yana kai komai baki, ga an fara ba shi abinci. Duk lokacin da aka ce "haƙori ne" aka zauna, ana iya ba maleriya ko ciwon huhu kwanakin da ba su kamata su samu ba. Kada mu manta da maganin haƙorin nan na My Pikin, wanda gurɓataccen sinadarin da ke cikinsa ya kashe yara 84 a ƙasar nan tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Tsabtataccen yatsa a murza dasashi ya wadatar.

Inda jira ya ƙare

Akwai alamun da ba a kwana da su a wata 2 na farko: jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya kai 60 a minti ko ƙirji na faɗawa ciki, jijjiga, ko ya yi lakwas ba ya motsi sai an taɓa shi. A wannan shekarun ba a gwada maganin kemis.

Shawara tana bukatar a daɗe a kanta, domin sau da yawa wuyan da ya ƙi tsayawa a wata 6 labarinsa a makon farko ya fara. Fiye da rabin jarirai kan yi ɗan rawaya a ido daga rana ta 2 ko ta 3, ya wuce. Mai haɗarin ita ce wadda ta bayyana a awa 24 na farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko ta zo da yawan barci, kasa tsotso da kuka mai tsini. In sinadarin da ke kawo rawayar ya yi yawa a jini yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi har abada. Shanya jariri a ranar safe da ba shi ruwan gulukos ba sa maganinta. Gwajin jini ake yi, a sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman a asibiti. Ƙwallayen kafur da muke zubawa cikin akwatin kayan jarirai kuma suna farfasa jinin yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ya yawaita a tsakaninmu, musamman maza. A raba kayan jariri da kafur gaba ɗaya. Yaron da ya yi shawara mai tsanani, ko bai yi kuka ba da aka haife shi bayan doguwar naƙuda, ko ya yi sanƙarau, a sa masa ido fiye da sauran, a kuma faɗa wa duk ma'aikacin lafiyar da zai duba shi.

Ga bakin iyakar da na yi alkawari. Wata 3 ya cika ba murmushi, ba ya bin fuska da ido, ƙara mai ƙarfi ba ta zaburar da shi. Wata 4 zuwa 5 kai na faɗawa baya gaba ɗaya in an jawo shi zaune, hannuwa a dunƙule kullum. Wata 6 ba ya kai hannu ga abu, ba ya fitar da sauti, jikinsa ya cika tauri har ƙafafu na harɗewa, ko ya cika laushi kamar tsumma. Hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ɗayan na kwance. Wata 9 bai zauna ba. Sama da duka, abin da ya iya jiya ya daina yi. Ɗaya daga cikin waɗannan bai tabbatar da ciwo ba, amma ya isa dalilin ganin likitan yara. Wasu za su ce shafar aljanu ce, wasu su ce ɗan ruwa ne, a yi ta yawo da yaro har shekara biyu. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti a mako guda. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da likitocin yara da sashen gashin ƙashi, kuma ƙwaƙwalwar jariri ta fi karɓar gyara a shekarun farko. In motsin da ke damun ki ba ya faruwa a gaban likita, ki ɗauke shi a bidiyo da waya ki nuna.

Akwai wani giɓi da na lura da shi. Rigakafi yana kai mu asibiti a haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, inda ake ba da na shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon huhu, da na gudawar rota da aka ƙara a 2022. Bayan mako 14 uwaye da yawa ba sa komawa sai allurar ƙyanda ta wata 9. Watannin da ke tsakani kuwa su ne na tsayuwar wuya, juyi, zama da fara cin abinci. A riƙa zuwa awo kowane wata ko ba allura, a karɓi sinadarin bitamin A a wata 6, a buɗe baki a yi tambaya.

Ranar allurar mako 14 na raka ƙanwata. Nas ɗin ta sa aka tuɓe wa yaron kaya, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har biyar, ta kwantar da shi rub da ciki a kan tebur. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya bi fuskarta da ido, ya yi mata murmushi. Ta duba kati ta ga layinsa na hawa, ta tambaya ko ya yi shawara, aka ce a'a. Ta ce a riƙa sauke shi ƙasa kullum da hantsi, a dawo bayan wata guda ta sake gani. Da muka gaya wa Goggo, ita da kanta ta riƙa shimfiɗa bargon a inda rana ke fara sauka a tsakar gida, ta zauna gabansa tana kaɗa masa murfin kwano. Kafin wa'adin ya cika wuyan ya tsaya. Ya zauna da kansa yana wata 7 da 'yan kwanaki, a gidan ubansa a Unguwar Rogo, uwar ta kira Goggo a waya ta shaida mata.